Kunun Ayan Walimar Ƙanwata

Shekaranjiya aka ɗaura auren ƙanwata a Shanga, kuma har yanzu ta bayan gidaje nake zagayawa in tafi masallaci. Na rantse bikin gidanmu ya wuce zoɓon ƙullin leda, sai na ɗauko hayar wani yaro daga Yelwa, wanda ya ce ya yi aikin haɗa abin sha a wani otal a Abuja. Ya iso da baƙar falmaran da wani gwangwanin ƙarfe na girgizawa. Na gindaya masa sharaɗi: nan Kebbi ce, shari'a ake yi tun 2000, ko ɗigon abin maye ban yarda ba. Ya ce, "Haba Oga! Chapman ne kawai, da zoɓo mai abarba, sai kunun aya na musamman."

Tun daren jajibiri ya markaɗa aya da dabino da kwakwa, ya zabga sukari, ya ɗura a jarka mai lita 25, ya murɗe murfi tam. Sai aka ɗauke wuta. Muna bakin ruwan da madatsar Kainji ta tare tun 1968 don ba ƙasa lantarki, amma ran nan ƙanƙara ko ta magani babu. Kowace mace a garin nan ta san kunun aya ba ya jure wuni cikin zafin bazara: zaƙi da zafi suka haɗu, tsami ya kama, iska ta taru. Jarkar nan kuwa ta kwana, ta kuma wuni a rana.

Bayan la'asar dangin ango daga Wara suka cika rumfa. Ni da bakina na ce a fara da Liman. Yaron ya rungumo jarka, ya tsaya gaban tabarma, kuma don ya nuna aikin Abuja ne, ya jijjiga ta da ƙarfinsa. A lokacin na lura jarkar da muka sani mai kusurwa huɗu ta zama kamar cikin akuya mai 'yan uku. Na buɗe baki. Ya taɓa murfi.

Fau!

Ina rufe ido nake sake gani. Murfi ya tashi ya tafi da hular wan ango. Farar kumfa ta bi bayansa, ta yi sama har rufin rumfa, ta ɗan yi shawara, sannan ta sauko kan rawanin Liman. Shi kuwa hannuwansa na sama, bai shafa fatiha ba, tafukansa suka cika taf. Wani ɗigo ya taru a ƙarshen gemunsa, yana lilo, jama'a duka muna kallonsa, ya ƙi faɗuwa. Yaron bai daina murmushin otal ba. Sannan warin ya iso, ya bi sahu-sahu, kowa ya shaƙa ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo Basarke, mai farin gemu da carbi, shi ya fara magana. "Yaro, da ka tambaye ni! Igiya za ka ɗaura mata ka jefa Kwara ta kwana cikin sanyi." Na ce, "Baba, ai yanzu ta fashe." Ya ce, "To a jefa gawayi a sauran." Na ce babu saura, yana kan Malam. Ya ce, "To a jefa barkono."

Ya matso, ya lakato kumfa daga gefen tabarma, ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Ba ta nuna ba, saura kwana guda. Kuma ta jar dawa ta fi wannan kama jiki."

Liman ya sauke hannu a hankali, kunu na bin hannun rigarsa. "Alhaji, ta jar dawar a ina ka san ta?"

"Labari nake ji, Allah gafarta Malam."

Da safe yaron ya bugo waya, wai a cika masa kuɗinsa, har da na jarka.