Yadda Ake Sayen Jirgi Domin a Makara

Duk wanda Allah ya hore wa abin hannu, kuma ya gaji da isa wuri a kan lokaci, Ingila ta yi masa tanadi. Tsakaninta da Wales akwai hanyoyin ruwa na kusan mil 2,000, galibinsu haƙa su aka yi da hannu, kuma tun 2012 hukumar Canal & River Trust ke kula da su. Iyakar gudu a mafi yawansu mil 4 ne a awa. Idan za a gifta jirgin da ke ɗaure a gefe kuwa, sai a ƙara sassautawa, kada igiyar ruwa ta zubar wa mai shi da shayi. Tsohuwa mai yawo da karenta za ta cim maka, ta gaishe ka, ta wuce. Kada ka kira makanike, injinka lafiya lau yake.

Asali ba don shaƙatawa aka yi haƙar ba. A 1761 aka buɗe hanyar Bridgewater domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Dawaki ke jan jiragen daga bakin ruwa. Jirgin ƙasa ya zo ya kwashe cinikin, daga baya doki ya yi ritaya, amma aka riƙe saurinsa don girmamawa.

Jirgin da ake so faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kan kai ƙafa 70. Cikinsa lungu ne guda: kicin, falo, bayi, ɗakin kwana, kowanne a bayan ɗan'uwansa. Idan miji da mata suka saɓa, wanda ya yi fushi zai iya fita daga ɗaki, sai dai dole ya roƙi abokin faɗan ya matsa masa tukuna. Juyawa ma ba a ko'ina ake yinta ba, domin jirgin ya fi faɗin hanyar tsawo. Akwai wurare na musamman da aka faɗaɗa. Wanda ya wuce mararrabarsa sai ya ci gaba da haƙuri har ya tarar da ɗaya. A titi Turawan Ingila hagu suke bi, a ruwa kuwa dama, kuma babu wanda ya ga abin tambaya a nan.

Sai babban aikin, wato hawan tudu. Ruwa ba ya hawa, saboda haka aka gina masa matakala. Kowane mataki ɗaki ne na bulo mai ƙofofi a gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. Mutum ɗaya ya sauka da wani lanƙwasasshen ƙarfe, ya cusa shi a marfi, ya yi ta murɗawa har ruwan sama ya fara kwararowa. Ɗakin ya cika, jirgi ya taso a hankali yana gogar bango mai gansakuka. Daga nan mai ƙarfen ya jingina bayansa da wani ƙaton gungume, ya kafa dugadugansa, ya tura ƙofa da baya da baya. Jirgi ya fita, shi kuma ya rufe komai ya bi shi a ƙasa. Bisa al'ada, sau da yawa uwargida ce ke wannan ɗawainiya, maigida kuwa yana riƙe da matuƙi, aikin da ya bayyana mata cewa yana buƙatar natsuwa.

A Caen Hill, kusa da garin Devizes, irin waɗannan matakai 29 ne cikin kimanin mil 2, kuma sukan ci awa 5 zuwa 6. Wanda ya kai sama da la'asar zai iya waiwayawa ya hango inda ya karya kumallo. Idan abin ya yi masa kaɗan, na Tardebigge 30 ne. Mutanen da, biyansu ake yi su yi wannan aiki. Na yanzu su ke biya, har da lasisi da inshora.

Inda tudu ya gagara, an huda shi. Ramin Standedge ya haura mil 3, kuma babu hanyar doki a ciki, don haka a da ma'aikata kan kwanta a kan jirgi su riƙa taka bango da ƙafa har a fita. A Wales kuma akwai gadar Pontcysyllte ta 1805, wadda ke ɗauke da ruwa da jirgi mita 38 sama da kogin Dee. Gefe ɗaya ba shi da shinge, kuma shi ne gefen jirgi.

Wanda bai da matsayar dindindin, doka ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Ba a buƙaci ya san inda za shi ba, an dai ce ya tafi. Bayin jirage da yawa kuma akwati ne da ake zarewa idan ya cika. Mai jirgi da kansa ke rungumarsa zuwa wurin zubarwa, inda yakan tarar da sauran masu jirage a layi, kowa da nasa, ana hirar ruwan sama. Idan kuma tsautsayi ya sa ka faɗa ruwa, shawarar farko ita ce ka gwada miƙewa tsaye, domin a wurare da yawa bai wuce ƙirji ba.