Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Tallan Mota

Zuwa ga Alhaji Tallan Mota,
Sarkin allunan bakin titi, mai kutse a tsakiyar labaran ƙarfe tara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka na rediyo da na talabijin, har da ƙananan da ke leƙowa ta cikin waya ba tare da sallama ba. Ni ma lafiya nake, in ban da ƙugu.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya same ni yau da safe. An kwana ana ruwa. Na fito zan kai yara makaranta a cikin motar nan da ka rantse mini cewa ba ta da maraba da ta manya sai a kuɗi. Ruwa ya kwanta a tsakiyar layinmu, na lallaɓa na sa tayar dama, ashe ramin da na sani jiya ya ƙara zurfi cikin dare. Ji kake gwaram! Kaina ya gaisa da rufi, kwanon abincin ƙaramar ya tashi sama, bambar gaba ta saki gefe guda ta zauna a ƙasa. Wannan ƙarfe mai walƙiya da ke bakin motar, wanda kake haskawa a hankali ana kaɗa goge irin na Turawa, da yatsu biyu na tsince shi daga cikin taɓo. Roba ce aka shafa wa ruwan azurfa.

Ina tsaye riƙe da ita, allon nan mai faɗi da ke kusa da sitiyari yana nan yana haske garau, ko gezau bai yi ba, har yana yi mini fatan sauka lafiya. Sai ga wata tsohuwar Fijo 504, wadda ta girmi direbanta, an danne ta da buhunan albasa. Ta faɗa ramin nan, ta fito, ta yi gaba. Direban ya leƙo ya ce, “Sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba.”

Saboda haka tambaya ɗaya nake da ita, kuma don Allah kada ka amsa mini da kiɗa. Wannan hanya da kake nuna mana kullum, a ina take?

Ka san wadda nake nufi. Baƙa ce wuluk, sumul, tana karkacewa tsakanin duwatsu, teku a gefe guda, rana kuma kullum tana dab da faɗuwa. Babu kowa a kanta. Babu adaidaita-sahu da zai shigo maka ba sigina, babu akuyar da ta yanke shawarar tsallakawa a daidai lokacin, babu mai rake da baro, babu tirelar da ta mutu a kan kwana aka zuba mata ganye a baya. Babu tudun da ’yan unguwa suka gina da daddare don rage gudu, wanda tsayinsa ya kai gwiwar yaro. Babu shingen masu tambayar na goro. Na bi hanyar Kaduna, na bi ta Maiduguri, na tsallaka Jibiya na shiga Maraɗi, ban taɓa cin karo da ita ba. Na tambayi direbobin tasha, mutanen da suka san kowane kwalbati a ƙasar nan da sunansa, suka yi mini dariya.

Sai da na matsa kusa da talabijin na ga wani ɗan ƙaramin rubutu a can ƙasa, irin wanda sai da tabarau, yana wucewa kafin ka kai ƙarshen layi. A Amurka abin da ake rubutawa a nan shi ne cewa gwanin direba ne ke tuƙi, kuma an rufe hanyar. Wato an kori jama’a, an share, sau da yawa har ruwa ake yayyafa wa kwalta don ta yi sheƙi a kyamara. Wannan ma da sauƙi. A 2016 wani kamfanin haɗa hotuna na Landan ya fito da wani ƙwarangwal mai taya huɗu, a ɗauki hotonsa yana sheƙa gudu, daga baya a zauna gaban kwamfuta a ɗora masa jikin duk motar da aka ga dama. To, ranka ya daɗe, hanya ta aro ce, motar ma zane ce. Me ya rage na gaskiya a ciki? Kuɗina.

Ga kuma mutumin da ke tuƙin. Shi kaɗai ne kullum, cikin kwat, yana murmushi, ba a san inda za shi ba. Ba shi da yara masu taka kujera da takalmi, ba shi da surukar da za a kai asibiti, ba a taɓa ba shi saƙon buhun masara ba. Ban taɓa ganin ya tsaya gidan mai ba, ko da bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, sauranmu muka fara tuƙi ido ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar mai.

Na san abin da za ka ce, domin bakinka ba ya mutuwa. Za ka ce ka taɓa gwada faɗin gaskiya aka bar ka da kaya. Za ka kawo mini zancen Tata Nano ta Indiya, wadda ta shiga kasuwa a 2009 a kan rupi 100,000, aka yi ta shelar cewa ita ce mota mafi araha a duniya. Mutanen da aka yi ta dominsu suka ƙi ta, saboda ba wanda ke so maƙwabta su gan shi a cikin mota mafi araha a duniya. Shi kansa Ratan Tata daga baya ya ce kiranta da wannan suna ya cuce ta, kuma zuwa 2018 an daina ƙera ta. Za ka ƙara da Volkswagen Phaeton, wadda aka fito da ita a 2002, aka gina mata masana’anta ta gilashi a birnin Dresden, ƙashin bayanta ɗaya da na Bentley Continental. Mota ce ta gaske, ba ta roba ba. Amma tambarin da ke goshinta na motar talakawa ne, masu kuɗi suka kau da kai, a 2016 aka rufe babinta. Za ka ce ai maigadi tambari yake dubawa kafin ya buɗe ƙofa, ba ya leƙa injin. Za ka ce araha ba ta ado, don haka dole ka yi mata.

Na ji. Amma tunda ka san tarihi haka, me ya sa kake tsallake Lexus?

A 1983 shugaban Toyota, Eiji Toyoda, ya tara injiniyoyinsa ya ce yana son motar da za ta kara da na Jamus. Ba su kira ka ba a lokacin. Shekara 6 suka yi suna ƙerawa suna rushewa, sai a 1989 suka fito da LS 400, suka ba ta sabon suna don kada tambarin Toyota ya ja ta ƙasa. Sannan ne aka aika a kira ka, kuma aikin da aka ba ka ba shi da wahala. Aka jera kofunan gilashi masu dogon wuya, wani kan wani, a kan murfin injin. Aka ɗora motar a kan na’urar da ke barin tayoyi su juya a wuri ɗaya, aka taka mai har gudu ya haura kilomita 200 a awa. Ko kofi ɗaya bai faɗo ba. Ba teku, ba faɗuwar rana. A ƙarshen wannan shekarar, da aka sami ƙorafi daga mutum biyu kacal, kamfanin ya nemi a dawo da motoci kusan 8,000 da ya sayar. Dillalai suka bi mutane har gida suka ɗauko, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki, suka mayar. Farashinta kuwa yana ƙasa da na takwarorinta na Jamus nesa ba kusa ba. Haka ake shiga gidan manya. Hyundai ma da ta tashi yin nata, sai da ta daɗe tana gyara ingancin motocinta kafin ta ware Genesis a 2015.

A da, mota ake ƙerawa sannan a kira ka ka yi shela. Yanzu kai ake fara kira, sannan a ƙera abin da zai yi kama da shelarka. Duk inda kyamara ke gani an kashe kuɗi: allo, fitilu masu canza launi a ƙarƙashin ƙafa, ɗinkin ado a kan kujera, makulli mai nauyi a hannu. Inda kyamara ba ta shiga kuwa, can ƙarƙashi inda shakazoba da ƙarafan taya ke karɓar duka, nan aka tsuke hannu. Ba ka taɓa kwantawa a ƙasa da tocila ka nuna mana cikin mota ba. Bakanikena ya kwanta yau. Da ya fito bai ce komai ba, goge hannu kawai ya yi yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda aka damfara a tasha.

Kai Talla, bari in ajiye “ranka ya daɗe” a gefe, ta ishe ka haka. Kai maroƙi ne. Ka ga mutum ya zo ɗaurin aure a kan keke, ka ɗaga murya ka kira shi jikan sarakuna, magajin dawaki dubu. Amma maroƙi na da mutunci a kanka. Shi kowa a wurin ya san wasa ne, a ba shi ’yar ɗari biyar ya ƙara gaba. Kai kuwa sai ka sa mutum ya ci bashin ofis na shekaru, sannan ka bar shi a cikin taɓo da roba a hannu.

Sauran ƙananan laifukanka ba zan ɓata tawada a kansu ba. Ka sayar mini da kujera mai ɗumama mazaunai, a Kano. Ka sayar mini da tagar rufi, don rana ta watan Afrilu ta same ni kai tsaye ba ɗan aike. Bakin salansa biyu da ke baya, na zura hannu na tarar a toshe suke, na gaskiyar guda ɗaya ne ya ɓuya a ƙasa yana jin kunya. Safaya babu, wani ɗan gwangwani aka ajiye a madadinta. Akwai kuma wata murya a ciki da aka ce in na yi magana za ta ji, har yau ba ta gane Turancina ba, ni ma ban gane nata ba.

Ga zancen kayan gyara. Shiga Ƙofar Ruwa ka ce kana neman wani abu na Marsandi Bibut, wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi wasu masu shagon, za a tambaye ka sabo ko na Baljiyam. Na aika neman na tawa, sabuwa dal, yaron ya dawo ya ce sun juya abin a hannu sun ce sai an yi oda. Wannan ba ka sa shi a allo ba.

Kada kuma ka ɗauka ina goyon bayan manyan ne, su ma kai ne kakakinsu. Marsandi da ta sauko neman kuɗin masu ƙaramin ƙarfi ta yi A-Class a 1997, wani ɗan jarida a Suwidin ya gwada kauce wa abu da ita a guje ta kife, sai da aka dakatar da sayarwa aka sake gyara. BMW kuma a 2022 ta fara karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna maka ɗumin kujerar motar da ka riga ka biya, sai da aka yi mata ca ta janye a 2023. Amma su aƙalla fuskarsu tasu ce. Ka tuna Landwind X7, wadda aka kwafo daga Range Rover Evoque har sai ka matso kusa kake bambancewa? A 2019 kotu a birnin Beijin, a ƙasar masu ƙera ta, ta ce kwafi ce, a daina sayarwa. Kama da wane ba ta wane, alƙalan Sin ma sun tabbatar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ka san yadda ake yi, domin gidanku an yi mutanen kirki. Kakanka na 1959, wanda aka yi wa Volkswagen a birnin New York, shafi guda ya ɗauka kusan fari fat, ya ajiye ’yar motar a lungu ƙarama, ya ce ƙarama ce, ba ta shan mai, gyaranta ba tsada. Bai yi mata rawani ba, kuma ta sayu. Fijo 504 da aka fara haɗa irinta a Kaduna a 1975, a wannan shekarar ta ci gasar Safari a Kenya, cikin ƙura da taɓo da duwatsu. Wanda ya saye ta ya san abin da ya saya. Ni ba na jin kunyar mota mai araha. Kai ne ka koya wa mutane jin kunyarta, don ka sayar musu da maganin kunyar.

Don haka ga buƙatata, kuma ba roƙo nake ba. Tallanka na gaba ka zo ka ɗauke shi a layinmu, cikin watan Agusta, da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kada a rufe hanya, kada a kori kowa. A sa yara huɗu a baya da buhun shinkafa a but. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, ba irin na tabarau ba, tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa, da kuɗin shakazoba guda, da sunan kasuwar da ake samunta, da litar da take sha daga Kano zuwa Zariya da na’urar sanyi a kunne. In ta wuce lafiya, ni da kaina zan tsaya gaban kyamara in yi mata kirari kyauta. In ba za ka iya ba, ka sauke allon nan naka da ke kan hanyar ofishinmu, ko ka aiko da kuɗin bamba.

Wassalam.

Naka, ba don daɗi ba,
Wani mai mota a Kano