Yadda Za Ka Zaɓi Mai Rage Maka Rassa Ba Tare Da Ka Ɓata Da Rabin Gari Ba

Bazara ta kama, iskar yamma ta fara kaɗawa, reshen darbejiyar ƙofar gida ya sunkuyo kan kwanon ɗakin uwargida. A gona kuma ɗorawa ta baje, inuwarta na neman cinye geron bana tun ba a shuka ba. Kana neman mai hawa ya rage rassa. Daga Bichi zuwa Minjibir, da wuya ka sami ƙauye mai gwanin hawa ɗaya tak. Kullum biyu ne, kowanne ya gaji sana'ar, gatarinsu daga maƙeri ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa faɗowa, ko kuwa ya faɗo babu shaida. Bari mu ce da su Dogo da Gajere.

Kada ka ɓata lokacinka a majalisa. Duk wanda ka tambaya zai ce, "Ai Alhaji duk ɗaya ne, kowanne ka samu ka dace." Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta da amfani.

Kafin ka nemi mai hawa, ka fara tabbatarwa bishiyar taka ce. A wannan yanki bishiya ba ta daji ba ce, dukiya ce. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano tun daga shekarun 1960, shi da abokan aikinsa suka gano cewa duk da yawan jama'a da farin shekarun 1970, manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kowace ɗorawa, kowace kuka, kowace kanya da mai ita. Wani lokacin ma masu ita. Gona ta faɗo a rabonka, amma ɗorawar cikinta an bar ta ta gado, kuma gwaggonka da ke aure a Dambatta ta san kwano nawa na kalwa ake aika mata duk shekara. Ka sare reshe biyu ba ka gaya mata ba, ranar kasuwa za ka gan ta a zaure, ba ta zo gaisuwa ba.

To, an wuce nan. Sai ka kira Dogo da Gajere ɗaya bayan ɗaya, ba rana guda ba, ka kai kowanne gindin bishiyar, ka yi shiru. Idonsa za ka duba. Wanda ya ɗaga kai yana kallon reshen da ke kan kwano, yana auna inda zai faɗa, aikinka yake gani. Wanda ya zagaya gindin, ya rungume shi yana gwada kauri, yana cewa "Ma sha Allahu", wannan turmi biyu yake gani da lodin kurar itace zuwa gidan burodi. Sai dai kash, gwanayen biyu sun san wannan jarrabawa, duk za su ɗaga kai.

Kana iya gwada su da gawo. Ka ce, cikin halin ko-in-kula, gawon gonar gabas ma yana tare wa dawa rana. Wanda ya ce "a sauke shi", ka sallame shi da goro. Yaro ma ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da awaki da ganye da 'ya'yansa. Amma ka shirya, duk biyun za su gyara maka zance cikin ladabi, ka koma gida kai ne ka faɗi jarrabawar.

Maganar biya ita ce mai nauyi, a nan ake rasa bishiya. In ka ce ya ɗauki itacen a bakin ladansa, ka dawo daga sallar azahar ka tarar an yi wa darbejiya aski ƙwal kwabo, inuwar da ake zama ta tafi sai baɗi. In ka ce kuɗin yini, reshe ɗaya zai ci kwana uku, da koko da ƙosai da safe, da fura da rana, da dogon bayani kan yadda itacen nan yake da taurin kai. Jinga ta fi. Ka nuna rassan da sanda, ɗaya, biyu, uku, a gaban shaida, a yanka kuɗi, a faɗi mai itacen da baki. Ƙiraren kuwa kada ka kuskura ka saka su a ciniki. Na matan gida ne tun kafin a haife ka, kuma tuwon darenka a kansu yake dahuwa.

Idan ɗayansu na da injin yanka, kada ƙararsa ta ruɗe ka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, mai inji kan yanka kuɗin aiki daban, kuɗin fetur daban. Ƙarar kuma tana kai wa kunnen malamin daji, wanda zai zo ya ga ko rage rassa ake ko kayar da bishiya. Tsamiya kuwa, kowannensu zai rage murya ya ce akwai mutanen ɓoye a kanta. Ban taɓa jin wannan ya hana hawa ba, kuɗi kawai yake ƙarawa.

Har yanzu kunnen doki suke? To ga abin da dattawa ke yi ba sa faɗa. Ka duba inda reshen zai faɗa idan ya ƙi bin umarni: dangar maƙwabci, rumbunsa, ko bayan gambar da ta raba gonarka da tasa. Sai ka bincika, tsakanin Dogo da Gajere wane ne ɗan'uwan wannan maƙwabcin. Shi za ka ba. Reshe ya rushe danga, magana ta zama ta cikin gida, ɗan ƙanwarsa ne ya yi, za a ce tsautsayi ne, a gyara da kara kafin magariba. Ka ba bare, kai da mai unguwa za ku wuni, wataƙila har gaban dagaci.

Wanda za ka guje wa shi ne naka surukin. Ba ka iya taya shi ciniki, ba ka iya ce masa ya yi yawa, yana sama kana ƙasa kana kallon reshen da ba ka nuna ba yana saukowa, abin da za ka iya cewa kawai shi ne "Sannu da aiki."

Saura wanda ba a ba ba, domin gobe a masallaci sahu ɗaya za ku tsaya. Kada ka ce masa a'a. Ka ce, "Malam, babban aikin na ajiye maka, kukar bayan gida, sai bayan Sallah." Kada ka faɗi wace Sallar. In ya matsa, ka ba shi faskaren abin da ɗayan ya sauke, ka saurari bayaninsa kan yadda aka yi saran a karkace.