Masanan Famfon Mai na Giginyu

A Giginyu da kewayen Nassarawa GRA ba a rasa gidan da tsohuwar mota ke kwance a gindin darbejiya. Ɗauki MG B mai kujera biyu, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Famfon manta na lantarki ne, ƙirar SU, yana can baya kusa da taya. Da an murɗa makulli sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, har ya cika kafireto ya yi shiru. Ranar da aka murɗa ba a ji komai ba, ranar unguwa ke fito da masananta.

Mai Bugu ne ke fara isowa. Ko gaisuwa bai gama ba yake neman sifana. Ya rarrafa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa famfon sau biyu, sai ga ƙas-ƙas ta dawo. Abin haushin shi ne yana da gaskiya: 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta a kan famfon ne suka yi tsatsa suka maƙale, bugun ya sake su. Motar za ta kai Titin Haɗeja ta sake mutuwa, shi kuwa tuni ya karɓi na goro.

Sai Malam A-Canza. "Alhaji, wa ke gyaran wannan yanzu? A tura yaro Ƙofar Ruwa ya ɗauko ɗan Beljiyam na Toyota." Famfon motar zamani ƙarfin turawarsa ya ninka na SU sau goma ko fiye. A ɗaura shi, kafireto ya tumbatsa, fetur na tsiyaya kusa da inji mai zafi. Shi a wurinsa wannan shaida ce cewa an samo mai kyau.

Akwai Mai Tsotso, wanda bai yarda da mai ba sai ya ɗanɗana. Ya zare tiyo, ya zuƙa, ya furzar, idanu jawur, ya ce tanki lafiya lau. In aka bar shi, galan zai rataya a saman gilashi, mai ya gangaro da kansa, a manta da famfo.

Mai Zargi ko sunkuyawa ba ya yi. Laifin 'yan bumburutu ne, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 babu fetur na gari. Daga nan sai siyasa.

Ɗan gidan yana gefe da waya, wani Bature a YouTube na kwance irin famfon a kan tsaftataccen tebur. Ya san sunan kowane kusa da Turanci, bai taɓa riƙe sukundireba ba. Amma kada a raina shi, shi kaɗai ya san cewa MG ɗin da aka yi kafin ƙarshen 1967 wayar batirinta a juye take, abin da ya sha ba yaran gareji kunya. Dillali kuma na zagayawa yana taɓa ƙarfe, a zuciyarsa yana auna kilo nawa za ta yi a wurin 'yan gwangwan.

Can da la'asar tsohon rewaya zai zo a kan keke. Ya shimfiɗa buhu, ya kwance murfin famfon, ya goge ƙarafan nan da 'yar takardar yashi har su yi ƙyalli. Ya ɗaga robar ciki ya duba a hasken rana, in ta bushe ta tsage ya sa sabuwa, ya daidaita ta da 'yan juyi, yana kasa kunne. Ya jona batir: ƙas-ƙas-ƙas. Nan take kowa ya ce ai abin da ya faɗa ke nan tun da safe.

Alhaji, wanda ya sallami Mai Bugu, ya biya kuɗin adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa, ya saya wa Mai Tsotso madara, sai ya ji kuɗin aikin ya ɗaure fuska.

"Haba Baba, me ka yi? Goge-goge ne fa kawai."