Jarinsa Yana Cikin Kwali

Ranar Talata na kira ƙanina da ke Amurka a kan gudummawar bikin 'yar gwaggonmu, sai na riƙa jin kacau-kacau a bayansa. Na ce, "Kai, me kake yi ne haka?" Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ina tsakiyar kwali." Tsakiyar kwali! Yaron da dangi suka yi karo-karo aka tura karatu, ashe shi ma ya bi sahun waɗannan da kuke gani a YouTube da TikTok, masu safar hannu da gilashin ƙara girman abu, suna yage ƙunshin sulalla ɗaya bayan ɗaya suna huci.

Wai harkar ba wuya. Ka shiga banki ka dire dala 500, a miƙo maka kwalin sulallan rabin dala, ƙunshi 50, kowanne tsaba 20. Dubu cif, nauyinsu ya haura kilo 11. Ka cicciɓo ka kawo gida, ka share tebur, ka zauna leƙen gefen kowane sule. In ka ga jan layi, tarkace ne. In ka ga fari fes, to ka taki sa'a, domin na 1964 zuwa baya kashi 90 cikin ɗari azurfa ne, na 1965 zuwa 1970 kuma kashi 40. Na ce madalla, to guda nawa ka samu a wannan kwalin? Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Yaya, ai ba a nan take ba."

To a ina take? Tana 1943. Duk maharbin sulalla da wannan labari yake kwana: shekarar da yaƙi ya sa Amurka ta buga santi ɗaya da baƙin ƙarfe, amma wasu 'yan ƙalilan suka fito da jan ƙarfe bisa kuskure, har aka sayar da guda a kan dala miliyan 1.7 a 2010. Kowannensu ya yi imani ɗan'uwan wannan sulen yana can yana jiransa a kwali na gaba. Ba wanda ke son a tuna masa cewa shekara sittin ke nan da aka fara janye azurfa daga canjin ƙasar, kuma shekara sittin ke nan Amurkawa suna tankaɗe shi, kaka ya tankaɗa, uba ya tankaɗa, sai yanzu ɗan Gwammaja ya iso da rariyarsa.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne maganar banki biyu. Dokar sana'ar ce, in ji shi: inda ka ɗauko daban, inda za ka zubar daban. Dalili kuwa, kada ma'aikatan su gaji da kai, kuma kada a sake miƙo maka abin da ka riga ka duba. Saboda haka yana da bankin da yake shiga da fara'a, yana gaishe su har da tambayar iyali, yana da wanda yake shiga a sunkuye da jaka a kafaɗa. Bankin zubarwa ya tattara sulallan ya ba motar kamfanin dakon kuɗi, kamfani ya sake naɗe su tsaf a sabuwar takarda, ya kai wa bankuna, har da na ɗaukowa. Bayan 'yan makonni ƙanina ya sake dire dala 500, ya sake cicciɓo kilo 11, ya sake share tebur. Wasu maharban ma sukan ɗiga wa sule alama da alƙalami kafin su mayar, don in ya dawo su gane. Kuma yana dawowa. Mutum ya yage ƙunshi gabansa na faɗuwa, ya ci karo da ɗigon da ya yi da hannunsa. Su gaisa, ya tambaye shi hanya, ya sake raka shi banki. Ni dai ban taɓa jin fataucin da haja ke gane mai ita ba sai wannan. An ƙona man mota, baya ya ƙage, yatsu sun yi baƙi, dala 500 kuma tana nan dala 500, ko ƙwandala ba ta haifa ba.

Akwai kuma bokiti. Santi ɗaya na kafin 1982 jan ƙarfe ne kusan zalla, ƙarfen jikinsa ya fi darajar da aka rubuta masa, don haka yake ware su a bokiti a bayan ƙofa. Narkar da su fa? Doka ta hana tun 2006. Wato ya zama attajirin da zai yi arziki ranar da gwamnati ta canza ra'ayi.

Da na dawo kan maganar biki sai ya ce, "Wallahi Yaya jarina a ɗaure yake." A ɗaure a cikin me? A cikin kuɗi. Kuɗinsa sun maƙale a cikin kuɗi. Gwaggo tana can tana lissafin kwanuka da katifa, ta sayar da akuyarta biyu, shi kuwa yana zaune a kan sulalla dubu yana ce mini ba shi da canji. A nan dariyar ta ƙare mini.

Ko da yake in an bi ta gaskiya, shi ya fi mu gata, yana ƙasar da za ka nemi sulalla a banki a ba ka har da kwali. Gwada shiga banki a Kano ka ce a ba ka tsabar naira ɗaya ta dubu biyar, ka ga yadda mai gadi zai matso. A 2007 Babban Banki ya fito da sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2, aka yi ta talla a rediyo, mai kanti ya kalle su ya ci gaba da ba mu alawa a madadin canji. Maƙwabtanmu na Maraɗi har gobe suna ciniki da tsabar sefa, mu kuwa yaro ɗan shekara goma bai taɓa jin ƙarar kuɗi a aljihu ba. A farkon 2023 ma da naira muka riƙa sayen naira a wurin masu POS, kuma mu ba azurfa muke nema a ciki ba, kuɗin cefane kawai.

Namu maharban kuma ba sa wahalar da banki. Gida-gida suke bi suna raɗa: ko akwai kwabo mai huji na zamanin Turawa, ko dutsen guga mai zakara, ko tsohon keken ɗinki, wai akwai wani sinadari a ciki da wani Balarabe ke saye da miliyoyi. Balaraben nan kullum yana otal, kullum gobe zai tashi, kuma sai an fara biyan kuɗin gwaji. Wani maƙwabcinmu ya farfasa keken ɗinkin mahaifiyarsa a kan haka, yanzu ɗinkin Sallar gidan gaba ɗaya waje ake kaiwa.