To, Wa Zai Tura Jirgin?

Tun ban buɗe baki ba na hango Alhaji yana gyara zaman hula yana cewa, "Batir biyu a jirgi ɗaya? Almubazzarancin Turawa ke nan." Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a zauna. Kai da motarka ta shekara uku tana tashi da ƙarfin yaran unguwa, ba kai ya kamata ka fara yanke hukunci a shari'ar batir ba.

A Ingila maganar take. Can akwai tsofaffin hanyoyin ruwa da aka haƙa tun zamanin da doki ke jan jirgin kwal daga gaɓa. Yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012, tana kula da wajen mil 2,000 na irinsu. A kansu ake zama cikin wasu siraran jirage, faɗi ƙafa 6 da inci 10, tsayi wani har ƙafa 70, da gado da firji da famfo, wani har da kyanwa. Akwai kuma ɗakin da ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa hutu, suna ce masa karaban. Malam na can baya, sauke hannunka: ba ayarin raƙuman Bilma ba ne, duk da cewa a bakinsu sunan ɗaya ne. Wannan ba ya ɗauke da kantu ko ɗaya.

Kowannensu gida ne da babu wayar lantarki a mafi yawan lokaci, shi ya sa ake aje batir kashi biyu. Na farko na tayar da inji ne kawai. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, yana iya zubo wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙa uku ya koma ya kwanta. Na biyu, wanda sau da yawa jeri ne na batura uku ko huɗu, shi ke riƙe da gida. Farantansa masu kauri ne, yana ba fitila da firji wuta kaɗan-kaɗan dare guda. Uwargida da amarya ke nan, altaneta kuma shi ne maigida, rabon kwana na wuyansa. Hajiya, na ga murmushin, ba da ke nake ba.

"To a haɗa su da waya ɗaya mana, kowa ya huta." Na san za ku faɗi haka, don ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da na fara kwana a irin wannan jirgi. Mai jirgin bai ce mini komai ba, sai ya nuna mini firji. In aka haɗa su kai tsaye, firji ba ya tambayar wace ce uwargida. Dare zai yi yana tsotsar su duka, gari ya waye a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas, shiru. Da motar Alhaji ce, da sai a kira yara. Injin dizal ɗin jirgi kuwa farfela yake juyawa, ko mutum ɗari suka tura ba zai tashi ba. A kan siririn ruwa kana iya leƙawa maƙwabci ya ara maka batir. A teku fa? Sai dai ka roƙi kifi.

Dabarar farko wani jan makunni ne mai faɗin tafin hannu, da wuri huɗu: 1, 2, duka biyu, kashe. Ka tayar da inji a kan 1, ka murɗa zuwa duka biyu su sha caji tare, in ka tsaya ka mayar 2. Ba shi da aibi sai ɗaya, ɗan Adam ne ke murɗa shi. Ka manta shi a duka biyu, ka koma gidan jiya. Ka kuskura ka kai shi kashe inji na aiki, wutar da altaneta ke turowa ta rasa inda za ta, tana iya ƙona dayod ɗin cikinsa nan take. Wanda ke manta inda ya aje carbinsa kullum, kada ya ce shi wannan makunnin ya ishe shi.

Sai aka kawo akwatin dayod mai raba caji, wuta ta shiga kowane batir amma ba ta komowa ta tsallaka wa ɗaya. Adalci ya samu, sai dai alƙalin yana cin la'ada: kusan bolt 0.7 ke zubewa a hanya. Nan fa na ji dariyarku. "Sifili da ɗigo bakwai? Malam marubuci, kan wannan ka tara mu?" E, kan wannan. Batirin dalma mai bolt 12, in ya cika ya huta, mita na nuna kusan 12.7. In ya sha rabi, tana nuna kusan 12.2. Wato duk tazarar da ke tsakanin ƙoshi da rabin ciki rabin bolt ce, kun ga la'adar alƙali ta ma fi ta. Batir na son a tura masa wajen 14.4 kafin ya cika da sauri. Altaneta ya bayar da 14.2, dayod ya ci nasa, 13.5 ta isa. Ka yi ta ƙona dizal awa huɗu, batir bai ƙoshi ba. Wanda kuma ya saba kwana da yunwa, wani farin gishiri ke daskarewa a kan farantansa, ya rage masa ciki har abada. Shekara ɗaya sai ka ji mai shi yana zagin kamfani, wai batiran yanzu ba su da ƙarko. Tun 1859 Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro wannan batir, kuma tun lokacin bai taɓa yafe wa mai barinsa da yunwa ba.

Abin da ya fi birge ni shi ne ɗan rile mai jin ƙarfin wuta, maigadi ne da ba ya gyangyaɗi. Inji ya tashi, wuta ta haura kusan 13.3, ya ji alamar uwargida ta samu, sai ka ji ƙwas, ya buɗe wa amarya ƙofa. An kashe inji wuta ta sauko wajen 12.8, ya rufe. Ba la'ada, ba mantuwa.

Kun ce shi ke nan an gama? Ina! A ɓangaren karaban, wanda motar da ke jan sa ke yi wa caji, dokokin hayaƙi na Turai, musamman Euro 6 da ta hau kan sababbin motoci a 2015, sun yawaita altaneta mai wayo, wanda kwamfutar mota ke rage wa wuta don a tsimi mai, ta ƙara masa in an saki totur. Maigadinmu sai ya rikice, ya buɗe ya rufe, batirin baya na zaune da yunwa. Ga doguwar waya daga gaban mota zuwa cikin karaban ta soket mai ƙafa 13, ita ma tana cin nata a hanya, ga firji na jira. Maganin yanzu wata caja ce da ke karɓar duk abin da ya zo daga batirin mota, ta daidaita shi zuwa abin da na baya ke so. Tana da tsada, Alhaji, na sani, kada ka kalle ni. Wanda ya sa batirin litiyam ma ya fi kowa bukatarta, don wannan amaryar ba ta san kunyar ci ba, tana iya jan wuta har altaneta ya yi zafi ya ƙone, kuma ba a yi mata caji in sanyi ya kai ƙasa da sifili, abin da hunturun Ingila ke yi ba tare da neman izini ba.

Kada wani ya ce a bar inji ya kwana yana aiki. Sharaɗin lasisin hukumar hanyoyin ruwan ya hana kunna inji ko janareta kusa da jama'a in jirgi na tsaye, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Shi ya sa mai masaukina, da asuba, kafin ya ɗora butar shayi, sai ya sunkuya da tocila ya duba wata 'yar mita a jikin bango. Ranar ta nuna 12.3. Ya gyaɗa kai, ya ce firji ya ci, amma an bar na tuwon rana.

Alhaji, batirin inbatarka na gida ɗan'uwan wannan ne, uwa ɗaya uba ɗaya, in dai na dalma ne. Gobe ka ari mita wajen mai rewaya, ka cire masa kaya ya huta, ka auna kafin rana ta hau kan sola. In ka ga ƙasa da 12.2 a kan kowane batir, kada ka zagi mai shago, ka zo mu yi magana.