Masu Kare Muhalli a Kano: Kowa da Irin Nasa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, birnin Kano ya cika da masu kare muhalli, akasarinsu ba su ma san sun shiga sahu ba. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Abin da shelar rediyo da tarukan bita suka yi shekaru suna fama a kai, aljihu ya gama shi a wata guda. Wanda duk ya zaga lungunan Fagge, Gwale, Dala ko Tarauni zai ci karo da waɗannan bayin Allah, wasu suna gyara, wasu suna ɓatawa, kowa kuma da hujjarsa a baki.

Tubabben mai mota

Motarsa na nan a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, akuyar maƙwabta ta mai da ƙarƙashinta wurin ƙailula. Shi kuwa ya zaro tsohon keken Raleigh na mahaifinsa daga zaure, ya kai wa mai faci, aka sa masa sabuwar taya da ƙararrawa. In an haɗu da shi wajen Gidan Zu yana haki, gumi ya jiƙa bayan riga, sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Har yau ba a ga wanda ya san likitan ba.

Ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure kaɗai ake yaye tamfol. A zuba lita uku, a tafi ido na kan allurar mai, in an samu gangara a kashe inji. Sauran kwanaki yana cikin adaidaita sahu, abin hawan da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi a 2005 don sauƙaƙa wa mata, ya kuma mamaye tituna bayan an hana acaɓa a Janairun 2013. Da can shi ne kan gaba wajen zagin tuƙinsu. Yanzu ya san kuɗin kowane zango, har yana ba direba shawarar ya ƙara mutum ɗaya a gaba.

Alhaji Sola

Shi wutar lantarki ce ta kai shi bango. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu layin Band A daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, ga man janareto ya gagara. Sai ya jera fanel a kan rufi, ya sayi inbata da batura, daga ranar kuma harshensa ya sauya. Baƙo ba ya gama gaisuwa sai an ja shi ɗakin batir an nuna masa lambobin da ke ƙyaftawa, a yi masa bayanin bambancin batirin litiyum da mai ruwa, ko da ta'aziyya ya zo yi.

Gidan ya koma ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Dutsen guga haramun ne, abin dafa ruwa an kulle shi a kabad, uwargida sai ta nemi izini kafin ta kunna injin markaɗe. Maƙiyansa biyu ne a duniya: ƙurar hunturu da hadarin Agusta. Kowace safiya ana tura yaro kan rufi da tsumma, Alhaji na ƙasa yana nuni da tasbaha: "Kai, ga can gefe ka bari!"

Amma a faɗi gaskiya, layin ya samu barci tun da janaretonsa ya yi shiru, maƙwabta na kawo cajin waya, a watan azumi kuma ƙanƙarar gidan kan kai har layi na uku. Inda ba ya son a tsaya da hira shi ne makomar tsofaffin batura. Yakan sayar wa masu fasa su don cire darma, ruwan asid ɗin kuma sau da yawa a ƙasa ake tuttular da shi.

Hajiya Ba-a-yarwa

Ba ta taɓa halartar taro kan sauyin yanayi ba, amma abin da ya shiga gidanta ba ya fita sai ya yi aiki uku. Gwangwanin madara ya zama na awo ko na alala. Robar fenti ta zama bokitin wanka, in ta tsage a zuba ƙasa a shuka na'a-na'a. Gorar lemo tana zagaye tsakanin zoɓo, kunun aya da man gyaɗa har sai rubutun jikinta ya goge. Atamfa takan fara da zuwa biki, ta sauko zanin zaman gida, ta koma zanin goyo, ta zama gammo, ta ƙare a tsumman riƙe tukunya. Ragowar tuwo ɗumame ne, ƙanzo a shanya shi a yi kwaɗo, ƙasari da dusa na tumaki ne, toka ta wanke gindin tukunya. Ƙarƙashin katifarta akwai ledoji a ninke da suka girmi wasu jikokinta. Duk wanda ya kuskura ya nufi bola da wani abu zai ji daga ƙuryar ɗaki: "Ke, dawo da shi nan, kin san ranarsa?"

A kusurwar rumfa randarta na zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, da faifai a baki da moɗa a kai. Firjin da ɗanta ya sayo mata ya daɗe da zama ma'ajiyar kwanuka. Wannan dabarar sanyin tukunyar ƙasa ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya inganta: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwa na tsattsafowa yana bushewa yana janye zafi. Gautan da kan lalace a kwana 3 sai ya kai kwana 27. Da wannan ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Da aka ba Hajiya labari, cewa ta yi ita ma da an tambaye ta da ta faɗa.

Irin tarbiyyarta tsohuwa ce a birnin. Masanin ƙasa Michael Mortimore, da ya yi bincike a karkarar Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itace birni su koma da taki, wato toka da kashin dabbobi da sharar gida, a zuba a gonakin kewaye. Yau ma manoma na son takin birni, sai dai dole su tsaya tsince leda kafin su watsa.

Mai murhu uku

Tsadar da ta hau da wani kan keke ita ce ta sauko da wannan daga kan gas. Farkon wata ana girki da tukunyar gas cikin natsuwa. Tsakiyar wata a jawo abaca, murhun gawayin da ya samo sunansa daga Janar Abacha a zamanin ƙarancin kananzir na shekarun 1990. Ƙarshen wata sai duwatsu uku da itace da fifita da hawaye. Kowane buhun gawayi da ke shigowa birni bishiya ce aka sare a wani daji, ita ma ta san da haka. Amsarta gajeriya ce: a sauko da farashin gas a gani in za ta ƙara kallon gawayi.

Malam Taron Bita

Wannan shi ne mai kalmomi. Ya san an ƙulla yarjejeniyar Paris a 2015, ya san Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin katangar bishiyoyi a 2007, yana da riguna masu ruwan ganye na kowace ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya. Abin da bai sani ba shi ne inda kwatar gidansa take ƙarewa. Yakan je taro shi kaɗai a mota, a zauna cikin sanyin na'ura a yi tir da ɗumamar duniya, a sha ruwan gora. A hanyar dawowa ya cinye shinkafar taro, ya zuge gilashi a kan gadar Ƙofar Nasarawa, robar da ledarta su bi iska.

Da damina yake dashen bishiya. Mutum goma a kan dashe ɗaya, ɗaya riƙe da shebur, ɗaya da butar ban-ruwa, sauran suna kallon mai hoto. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban-ruwa. Kafin hoton ya gama zagaya Facebook akuya ta gama nata aikin. Baɗi a dawo, rami ma ba sai an haƙa sabo ba.

A ƙarshen layinsa kuwa akwai ladanin da ya kewaye 'yar darbejiya da fasassun bulo, ya roƙi masu alwala su riƙa tsugunawa a gindinta. Yanzu a inuwarta ake zaman jiran la'asar. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980: suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna yi musu sassabe. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, akasari ba tare da dashe ba.

Ɗan jari-bola

Buhu a kafaɗa, mayen ƙarfen tsohuwar sifika ɗaure a igiya yana ja a ƙasa, ido kuma ba ya wuce komai. Daga nesa yake gane jan ƙarfe da alminiyum da baƙin ƙarfe, ya san wanda ya fi tsada a kan sikelin dillali. Abin da ya tara ba ya ɓacewa. Ƙarafa a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, gwangwanin lemo ya zama tukunya da ludayi a hannun maƙera, fasasshiyar roba a niƙa ta a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, ta dawo Kasuwar Ƙofar Wambai a matsayin buta da bokiti da silifa. Ba albashi, ba safar hannu, ba takalmin kirki, ga kwalba ga allura ga ƙusa mai tsatsa.

Matsalar ita ce wasu daga cikinsu sun faɗaɗa ma'anar bola. Tukunyar da aka kife a ƙofar gida, wayar wuta, murfin kwata, har ƙofar kangon da mai shi ya yi tafiya, duk suna iya shiga buhu. Satar murafan ramukan titi ce ta sa hukumomin Abuja suka hana su yawo a cikin birnin a Janairun 2025. Masu gaskiyar cikinsu, waɗanda su ne mafi yawa, su ke shan harara da korar kare.

Mai jiran hadari

Shararsa na cikin buhu a bayan ƙofa, ba ya biyan yaron da zai kai ta bola. Hadari yake jira. Da ruwa ya kece, kwata ta fara gudu, sai a tura yara su juye. "Ai ruwa zai tafi da ita." Ruwan kuwa yakan tafi da ita har gidan maƙwabcin da ke gangare, ragowar ta nufi rafin Jakara. Ranar da kwalbati ya toshe ruwa ya shigo masa ɗaki, shi ne na farko a gaban makirufon 'yan rediyo, wando a naɗe, yana kira ga gwamnati.

Da rani ɗan'uwansa ke karɓar aiki. Daf da magariba yake cinna wa tarin shara wuta, leda da tsumma da guntun taya, hayaƙi ya kwanta a layi, masu asma su rufe taga. In an yi magana ya ce sauro yake kora wa jama'a.

Su biyun suna goyon bayan tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ɗari bisa ɗari. Al'adar ta samo asali ne daga yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin Buhari da Idiagbon, a 1985. Daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba zirga-zirga, don haka ba su da barcin da ya fi na ranar daɗi. Samari na buga ƙwallo a kan kwalta, 'yan ƙalilan na yashe kwata su tara a baki su jira motar hukumar kwashe shara ta REMASAB. In ruwa ya riga motar zuwa, sai a sake yashewa wata mai kamawa.

Gwanar "ƙaro leda"

Cefanen naira dubu biyu, leda takwas. Tumatir da tasa, attaruhu da tasa, daddawa da tata, sannan a haɗa su a babba, a ƙara wata don kada ta fashe. A gida ma koko a leda, alala a leda, malmalar tuwo da zafinta a leda. Kwandon cefane da kwarya da akushi sun koma kayan ado a Kasuwar Kurmi. Mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki, dabba tana ci tana ramewa mai ita yana zargin sammu.

Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana robar abinci mai kumfa a 2024. A Kano kuwa komai ya samu mai tsinta saboda yana da farashi, har ledar fiya wata ana saye a kilo. Baƙar ledar cefane ce ba ta da nauyi a sikeli, shi ya sa ɗan jari-bola ke tsallake ta, ta rataye a reshen bishiya ko ta kwanta a kwata. Muddin kyauta ake ba da ita a kasuwa, kuma ba mai saye in ta tsufa, a nan za ta ci gaba da zama.

Cikin waɗannan takwas, biyun da suka fi rage wa birnin kaya su ne Hajiya da ɗan jari-bola, kuma su ne ba a taɓa aika wa katin gayyata ba. Masu shirya taron 5 ga Yuni mai zuwa su ba su kujerun gaba da makirufo, a raba wa mahalarta kwandon cefane maimakon riga, a kuma sa wanda zai riƙa ba dashen bana ruwa har damina ta zagayo.